Guɗata da Makaɗan Bayan Gida

Ku tsagaita da hira haka, ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan tafe gare ku, sai dai ba tatsuniya ba ce. Da ni aka yi, kuma yawancin waɗanda aka yi da su suna nan da ransu.

Ni mai guɗa ce. Da haka aka san ni a garinmu tun ina goyon ɗan fari. Ba gado na yi ba, ba kuma koya mini aka yi ba, abu ne Allah Ya ajiye mini a maƙogwaro. In mace ta sauka lafiya a unguwa, kafin a gama gyara ɗaki an aiko kirana. In an kawo amarya bakin ƙofa, sai a tsaya da ita a ce ina wance, don ba a so a shigar da 'yar mutane shiru kamar kayan sata. Sai in kama hanci, in ɗaga kai, in rangaɗa ta, masu ɗiban ruwa a rijiyar bayan gari su ce an samu ƙaruwa a gidan su wane. Guɗa ba a yin ta a banza, sai da mai ita da kuma dalili. Wadda ta yi ta ita kaɗai a ɗaki, sai a fara nema mata magani.

Da malam maigidana ya rasu, ɗana ya zo ya ɗauko ni zuwa Landan. Ba zan kama sunansa ba, na fari ne. Likita ne a wani asibiti a Marylebone, mu kuwa a Plumstead muke zaune, sai ya bi jirgi tun da sassafe, ya dawo bayan an ci abinci. Matarsa ma aiki take yi, kuma ba ni da abin faɗa a kanta sai alheri. Na yi renon 'ya'yansu har suka shiga makaranta. In yi musu Hausa su ji, su mayar mini da Turanci, in gane rabi, in yi murmushi a kan rabin.

Ranar da aka kawo autarsu daga asibiti, na tare su a bakin ƙofa, na kama hanci. Ban kai tsakiya ba ɗana ya dafa kafaɗata.

"Inna, a hankali. Bango ɗaya muke da mutane, sai su yi complain, su kai ƙararmu council."

Na haɗiye sauran. Wanda bai taɓa haɗiye guɗa ba bai san abin da nake faɗa ba, tsayawa take a ƙirji kamar lomar tuwon da ba miya. Bayan wannan an kai ni bikin 'ya'yan manya a wani otal a tsakiyar gari. Da amarya ta shigo na gyara tsayuwa, na ce yau dai. Sai mai sa kiɗa ya danna wani abu, ga guɗa ta fito daga lasifika, ta wata mata da ban sani ba, wadda ita ma ba ta san amaryar ba. Ya sake dannawa, ta sake fitowa, iri ɗaya sak. Na koma na zauna. Tun daga nan roƙona bai wuce ɗaya ba: kafin in mutu a sake neman guɗata, ko sau ɗaya ne.

Shekaru suka yi ta tafiya. Da hantsi gidan ya zama nawa, ni da ƙarar firij. Wata rana bayan azahar ina wanke-wanke sai na ji ganga. Ba ta talabijin ba, ganga ta gaske, wadda ake ji a tafin ƙafa. Daga bayan gida take fitowa, inda akwai wani tsohon gareji a lungu. Gobe ma haka, jibi ma haka. Na ce a raina maƙwabta suna da sha'ani kwana da kwanaki, ni kuwa ina jin kiɗansu ina zaune, ko barka ban je ba. A garinmu wannan abin gori ne. Na jiƙa shinkafa, washegari na soya waina, na zuba a langa, na yafa mayafina na kirki, na zagaya lungun.

Na daɗe ina sallama, ba mai ji. Da kiɗan ya tsaya na buga ƙofa. Wani dogon Bature ya buɗe, mai furfura, da ɗan kunne a gefe ɗaya, rigar sanyinsa ta huje a gwiwar hannu. Na miƙa masa langa, na leƙa ina neman inda mata suka taru. Ba rumfa, ba tabarma. Ɗaki ne da aka lulluɓe bangonsa da tsofaffin dardumai, wayoyi sun bazu a ƙasa kamar yaɗon kabewa, ga mata uku suna kallona. Wadda ke zaune bayan ganguna baƙar fata ce, ta aske gefen kanta ɗaya. Ta dube ni, ta dubi langar.

"Hajiya, sannu. Ka ɓata hanya ne?"

Rabona da jin Hausa daga bakin da ba na gidanmu ba har na manta. 'Yar zangon Kumasi ce, a nan ta girma, Hausarta ba ta raba mace da namiji. Zan riƙa gyara mata ita don kada ku ruɗe.

"Ina amaryar?" na ce.

"Babu amarya."

"To suna ake?"

"Babu jariri, Hajiya."

"To wa kuke yi wa kiɗa duk kwanakin nan?"

Ta yi dariya har sanda ɗaya ta suɓuce mata. Ta juya ta faɗa wa sauran, su ma suka ɗauka. "Ba kowa. Gwaji muke."

"Waye ubangidanku?"

"Ba mu da shi."

"Makaɗi ba ubangida? To wa ke ɗinka muku riga?"

Ta nuna dogon da haɓa. "Ga mai fitar mana da faifai nan. Dubi tasa rigar, sannan ki sake tambaya."

A tsaye suka cinye wainar. Na so in kwashi kunyata in koma, amma dogon ya jawo wata kujera da aka ciro daga mota, ya kakkaɓe ta, ya ba ni wasu 'yan soso ya nuna mini in toshe kunne. Na zauna don kada in ƙi karamci. Zaman da na fara ke nan, har hunturu ya wuce wani ya zo.

A hankali na gane yadda wurin yake. Da ƙuruciya dogon nan shi ma ya kaɗa jita, har kunnensa ɗaya ya mutu. Yanzu aikinsa ya tara makaɗan da manyan kamfanoni ba su waiwaya ba, ya ɗauki waƙarsu a inji, ya aika wata ma'aikata a buga faya-fayai 'yan kaɗan, wani lokaci kaset. Shi ne kamfanin, shi ne mai shara, shi ne direban motar da ke kai su wasa. Kwalin da ake sa faifai a ciki da hannu ake naɗe shi, a buga masa hatimi. Da ya ga hannuna ba ya son zama, sai ya riƙa ajiye mini tari a gaba.

Irin kiɗan nasu suna ce masa rok, mai zafin cikinsa kuma pank. 'Yar Kumasi ta ce ma'anarsa kowa ya yi abinsa, ko ya iya ko bai iya ba. Na ce to kun cika sharaɗi.

Akwai wasu tsofaffi da ke zuwa ranar da ba aiki. Ɗaya mai raba wasiƙu ne, ɗaya mai gyaran famfo, sauran ban sani ba. Kawuna duk sanƙo da furfura, amma in suka fara sai ka ce an koro awaki daga gona. Waƙarsu ba ta daɗewa, kafin ka gyara zama sun gama, sun tsaya suna haki. An ce mini tun suna samari suke fushi da gwamnati. Gwamnatoci sun zo sun wuce, su suna nan a kan fushinsu. Mai waƙar yakan yi ihu har jijiyar wuyansa ta tashi, ya gama, ya ciro ƙwayar hawan jini ya kora da shayi, ya ɗan rusuna ya tambayi gwiwata. Yana da mata a gida da ba ta tashi daga gado, shi ke yi mata wanka. Wannan daga baya na ji.

Akwai kuma wa da ƙane, masu gashi har ya rufe fuska. Su nasu a hankali yake, mai tsawo, kamar injin niƙa in kana jin sa daga wata unguwa. Ba sa kallon juna, ƙafafunsu suke kallo. Ba su taɓa gaishe ni ba. Amma in na shigo, ƙaramin yakan juya lasifika ta fuskanci bango.

Nawa dai su ne matan nan uku. 'Yar Kumasi direbar bas ce, takan zo da rigar aiki, ta tuɓe ta rataye, ta hau gangunan kamar sun zagi uwarta. Mai jita wata ƙatuwar Baturiya ce mai sanyin hali, tana koyar da ƙananan yara, ba ta magana sai dole. Sai mai waƙar, 'yar siririya mai jan gashi, tana aiki a shagon gwanjo wajen Woolwich. In ka gan ta ka ce iska za ta ɗauke ta. In ta buɗe baki kuwa, ni da na san maƙogwaro na san an ba ta. Ita ke haɗa mini shayi, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata tana shan nata. Ba ta jin yarena, ba na jin nata. 'Yar Kumasi ta koya mata ta ce mini Kaka, sai duka suka ɗauka, har tsofaffin nan da wani cikinsu ya kusa sa'ana.

Da ɗana ya ji inda nake yini, ya same ni a ɗaki.

"Inna, wurin 'yan kiɗa fa. Me mutane za su ce?"

"Waɗanne mutane? Nuna mini su in je in gaishe su."

Ya ce in dai riƙa tafiya da waya, in kuma dawo kafin yara su taso. La'asar dama a gida nake yin ta.

A hunturu na biyu matan suka fara ɗaukar faifansu. Yadda suke aikin ya ba ni mamaki. Ba tare ake yi ba. Yau mai ganga ta yi nata ita kaɗai, gobe mai jita, sannan a sa mai waƙa a wani ɗan ɗaki mai gilashi, da ƙyar mutum zai juya a ciki, ta yi ta rera wa bango. Daga baya dogon ya haɗa su a inji, su fito kamar tare suka yi. Na ce wa 'yar Kumasi haka muke cin abinci a gidanmu, tukunya ɗaya, kowa da lokacinsa.

Sauran waƙoƙin suka shiga lafiya, ɗaya ta ƙi. A hankali take farawa, sannan ta yi ta hawa. Akwai wani wuri kusa da ƙarshe da in yarinyar ta iso sai muryarta ta karye. Ta cire abin kunne, ta fita ta tsaya a lungu cikin sanyi, ta dawo, a sake. Makonni ana haka. Ni ban san me waƙar ke faɗa ba, ban kuma tambaya ba, don a wurin nan na saba da jin sauti ba ma'ana. Abin da idona ya gani shi ne mace mai doguwar naƙuda. Na zauna da irinsu da yawa, na san yadda abu ke zuwa bakin ƙofa ya koma.

Ran nan ana yayyafi, dogon ya ce a fito da ita daga ɗakin gilashi, su yi tare su uku suna kallon juna. Suka fara. Ina riƙe da kwali a hannu, na manta da shi. Ta hau, ta hau, ta iso wurin nan, muryar ta yi rawa, 'yar Kumasi ta danna mata ganga a ƙarƙashi kamar mai tallafe bayan mai naƙuda, sai ta wuce. Ta kai ƙarshe. Jita ta yi ta ƙugi har ta lafa.

Ban yi shawara da kowa ba, hannuna ne ya tafi hanci. Ta fito gaba ɗayanta, doguwa, har sai da numfashina ya ƙare. Bangon darduma ya shanye ta, ba maƙwabcin da zai kai ƙara ko'ina.

Da na buɗe ido, mai jita tana share hawaye, dogon ya dafe baki. Yarinyar ta taho ta durƙusa ta kifa kanta a cinyata. Na shafa jan gashin nan ina cewa barka, barka da arziki, sannu. Ashe injin yana kunne. Dogon ya sa 'yar Kumasi ta tambaye ni ko na yarda a bar muryata a ƙarshen waƙar. Na lura ƙasa take kallo tana faɗa, amma murna ba ta bar ni na tsaya a kan wannan ba. Na ce a bari.

Kwanakin da suka biyo baya ko ciwon gwiwa ban ji ba. Na faɗa wa jikokina za a ji kakarsu a faifai. Ina ta ƙiyasta wani ɗalibi zai saya ya kai gida, wata tsohuwa a unguwarmu ta ji ta ce ai wannan wance ce, ashe tana nan.

Ana gab da aika aikin ma'aikata, sai ga 'yar Kumasi a ƙofar gidanmu da hantsi, da rigar bas a jikinta. Ba ta taɓa zuwa ba. Na ba ta ruwa, ta riƙe kofin ba ta sha ba.

"Kaka, kin san waƙar nan ta mece ce?"

"Ina zan sani? Ke ce mai kunne biyu."

"Ta ƙanen mai jan gashi ce. Ya rasu bara, ko gemu bai gama fito masa ba. Wurin da muryarta ke karyewa, sunansa take kira."

Na yi salati.

"Sunan mamaci, sannan guɗata?"

"Haka yake a faifan."

"Ke ba ki san mece ce guɗa ba? Ba a yi a zangonku?"

"Ana yi. Na sani."

"To me ya rufe miki baki, 'yar nan?"

"Na ga kin yi murna. Ita ma ranar ta fara cin abinci sosai. Na rasa wadda zan ɓata wa a cikinku." Ta juya kofin. "Jiya ina ta wuce tasha, fasinja suna zagina. Na ce gara in zo."

"Su me suka ɗauka na yi?"

"Kuka. Sun ce ba su taɓa jin an yi wa mamaci kuka irin wannan ba."

Bayan azahar na je garejin. Dogon ya sa mini abin kunne, ya kunna. Ban taɓa jin guɗata daga waje ba, mai yi ba ya jin kansa. Na ji yarinyar ta kira sunan, yanzu da na san suna ne. Na ji jita ta lafa. Sai wata tsohuwa ta ɗauka. Farkon nawa ne, na gane shi. Amma daga tsakiya ta yi rauni tana rawa, ƙarshen kuma ya tsage ya gangara ƙasa, alhali guɗa sama take ƙarewa. Gaskiya ɗaya ce, wanda bai sani ba in ya ce kuka ne bai yi laifi ba. Shekarun da ta yi a ƙirji sun taɓa ta.

Na ajiye abin kunne, na ce a cire ta.

'Yar Kumasi ta tsaya tsakanina da yarinyar tana juya magana. Yarinyar ta ce ranar da aka binne shi ba wanda ya ɗaga murya, uwarsu ma baƙin gilashi ta sa, aka sha shayi aka watse. Ta ce wannan ne kuka na farko da wani ya yi masa da ƙarfi, kuma daga bakin wadda ba ta ma san shi ba.

"Gaya mata ba kuka na yi ba," na ce. "Murna na yi. Ita na yi wa, don ta sauka lafiya. A wurinmu ba mai guɗa a kan gawar yaro sai maƙiyin uwarsa."

Ta faɗa mata. Yarinyar ta amsa da sauri, fuskarta ta yi ja.

"Ta ce ba Bahaushen da zai sayi faifan nan." 'Yar Kumasi ta yi yaƙe. "Wannan kam gaskiya ne, Kaka. Turawan ma ba saye suke ba."

"Ni na ji ai. Kuma duk wanda ya kunna, sai na sake yi masa guɗa a kan kabari, ina barci, ina salla, ko bayan raina. Ba ni da yadda zan tsayar da ita."

Yarinyar ta ce to a bar shi a kuka, tunda haka ya fito. Na so in yarda. Allah Ya sani na so, don in aka cire wannan ba wani faifan da zai sake nemana, kuma na ji da kunnena abin da ya rage a maƙogwaron. Amma in na ba ta da sunan kuka, na yi mata ƙarya a kan mamacinta, ta riƙe har tsufanta. Na ce a'a.

Ta ɗauki jakarta ta fita, ko rigar ruwa ba ta waiwaya ba. Dogon ya juya wajen injin, ya ja ɗan abin nan da ke ƙarƙashin tafinsa ya danna. Shi ke nan, guɗar ta fita daga waƙar. Na ɗauka aiki ne mai wuya. Ya tambaya ko ya goge ta gaba ɗaya. Na ce ya ajiye ta gefe, ran da wani a cikinsu ya yi aure ko ya samu ƙaruwa, ya aiko a tambaye ni, in ce a saka.

Da sati ya zagayo na sa 'yar Kumasi ta kai ni inda yarinyar take, wani ɗaki a saman shago, don ban yi mata ta'aziyya ba, kuma ta'aziyya ba ta tsufa. Ta buɗe, ta ba mu hanya. Na zauna a ƙasa yadda ake zaman makoki, na ce Allah Ya ba da haƙuri, na yi shiru. Ta tsaya jikin taga. Can ta zo ta zauna, ba kusa ba. Ta nuna mini hotonsa a waya, yaro mai manyan kunnuwa yana riƙe da kifi. Abincin da na kai ban sani ba ko ta ci.

Faifan ya fito lokacin da sanyi ya fara sauƙi. Yarinyar ce ta ce kada a matse wurin da aka cire guɗar, don haka bayan jita ta lafa akwai shiru mai tsawo kafin waƙa ta gaba. Wasu da suka saya sun dawo suna cewa nasu ya lalace. Ni na naɗe kwalayensa kamar sauran. Ta ci gaba da haɗa mini shayi, amma sai ta ajiye ta koma gefe ta sha nata a tsaye.

To ga yadda kowa ya ƙare. Mai filin ya sayar da lungun, aka rushe garejin, yanzu dogayen benaye ne a wurin. Dogon ya kwashe injinansa ya koma wani gari a bakin teku, an ce yana fitar da kaset daga ɗakin kwanansa. Tsofaffin nan, mai waƙarsu ya binne matarsa, bai daɗe ba ya bi ta. Sauran suna nan suna fushi, mai gyaran famfo ne ke yin ihun yanzu. Wa da ƙanen nan sun ɓata a kan abin da ba wanda ya sani, kowa ya kama gabansa. Mai jita ta yi aure. A ofis aka ɗaura, su biyu da shaidu, sai da aka yi wata da watanni na ji. Mai jan gashi ta tafi arewacin ƙasar, ta bar waƙa, tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Sau ɗaya ta aiko a gaishe ni. 'Yar Kumasi tana nan da bas ɗinta, ta shiga wata ƙungiyar, takan zo mini da salla ta cinye nama ta kushe miyar. Ɗana ya zama babba a wurin aikinsa, jikokina duk sun fi ni tsawo.

Ni kuwa ina nan Plumstead, gwiwa ta hana ni zagaya ko'ina. Guɗar tana can bakin teku cikin injin dogon, ba waƙa gabanta, ba waƙa bayanta. Har yau ba a aiko tambaya ba. Ta maƙogwaro kuma ban sake gwada ta ba.